Kyamarar Gadin Gida, Wa Ke Gadinta?

Kwanan baya a Nima wani maƙwabcina ya nuna mini tsakar gidansa a cikin waya, ta kyamarar da ɗansa ya aiko daga Jamus. Na tambaye shi ko ya canja kalmar sirrinta. Ya ce ina, "admin" ɗin da ta zo da shi ne. Subhanallahi! Da irin waɗannan kalmomi ne ƙwayar cutar kwamfuta Mirai ta kame dubban kyamarori a 2016. Duk ɓarawon da ya shiga, ga matan gida yana kallo, ya kuma san lokacin da kowa ke tafiya kasuwa.

Ku sa yaro ya canja kalmar yau, har da ta akwatin intanet. In kun ga alamar kutse, ku kira 292, layin Hukumar Tsaron Intanet ta Gana.