Harsashi da Kwantar da Tarzoma: Darasi daga Fagge da Sabon Gari

Duk wanda ya san birnin Kano ya san cewa Fagge da Sabon Gari maƙwabtan juna ne, titi kawai ya raba su, kuma kasuwanci ya ɗinke su tun zamanin Turawa. Amma kuma tarihi ya nuna cewa a duk lokacin da ƙura ta tashi a Kano, wannan iyaka ce takan fara ɗaukar zafi. Saboda haka babu wurin da ya fi ta dacewa a yi nazarin wannan tambaya: yaushe ne ya halatta ɗan sanda ya ɗana kunama, kuma me ya kamata ya gabaci harsashi?

A ranar 16 ga Mayu, 1953, rikici ya ɓarke sakamakon rangadin da jam'iyyar Action Group ta shirya kawowa Kano ƙarƙashin jagorancin S. L. Akintola, bayan saɓanin da aka samu a Majalisar Wakilai ta Ikko kan ƙudurin Anthony Enahoro na neman mulkin kai a 1956. Kwana huɗu ana ɗauki-ba-daɗi tsakanin Fagge da Sabon Gari, aka rasa rayuka fiye da 30, sama da 200 suka jikkata. Abin lura a nan shi ne, daga cikin matakan da suka taimaka wutar ta lafa har da kafa shinge tsakanin unguwannin biyu, da mayar da mutanen kowane ɓangare wurin da za su tsira da ransu. Wato raba masu faɗa ya yi aikin da kisa ba zai yi ba.

A watan Disamba na 1980 kuwa, a unguwar 'Yan Awaki da ke dab da Fagge, an ga ɗaya fuskar lamarin. An yi sakaci da al'amarin Muhammadu Marwa Maitatsine shekara da shekaru, har ya fi ƙarfin 'yan sanda, sai da aka kira soja. Hukumar bincike ta Mai Shari'a Aniagolu ta ƙiyasta mamata 4,177. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hukumar da ta ƙi amfani da ƙaramin mataki a kan lokaci, ita ce ke wayar gari ba ta da abin yi sai luguden wuta.

Babu mai musun cewa ɗan sanda ma rai gare shi, yana da mata da 'ya'ya. Harin 20 ga Janairu, 2012, wanda Boko Haram ta kai wa ofisoshin 'yan sanda a Kano, ya isa shaida cewa akwai ranar da bindiga kaɗai ke maganin bindiga. Sai dai kuskure ne babba a ɗauki taron matasa masu jifa da duwatsu tamkar mayaƙa masu bama-bamai. Ɗalibai ba su manta da 23 ga Mayu, 1986 ba, ranar da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Haka nan ƙungiyar Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohin Arewa, har da Kano, a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, ko da yake rundunar 'yan sanda ta musanta hakan.

Wani ɓangare na matsalar yana cikin doka. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa kowa haƙƙin rayuwa, amma sakin layi na biyu ya buɗe ƙofar kisa wajen murƙushe tarzoma ko hana wanda ake tsare da shi tserewa. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1990 kuwa sun taƙaita harbin kisa ga lokacin da babu wata hanyar kare rai. An yi wa Umarnin Runduna mai lamba 237 kwaskwarima a 2019 domin ya kusanci waɗannan ƙa'idoji, kuma wannan abin yabo ne. Amma gyaran takarda daban, gyaran hannun da ke riƙe da bindiga daban.

Tsakanin magana da harsashi akwai matakai masu yawa: gargaɗi da lasifika, shinge, garkuwa da kulki, motar feshin ruwa, barkonon tsohuwa, da harsashin roba. Su ma ba a ce ba su da illa ba. A Ayalan ta Arewa, harsashin roba da na leda sun kashe mutum 17, takwas daga cikinsu yara ne. Barkonon tsohuwa da aka jefa cikin lungunan Kantin Kwari ko rumfunan kasuwar Sabon Gari yana iya haddasa turmutsitsin da zai halaka tsofaffi da masu ciwon asma. Don haka ba sayen kayan aiki kaɗai ake bukata ba, har da horon sanin inda ake amfani da su, da barin hanya a buɗe ga mai son gudu.

Abu uku ya wajaba. Na farko, kada a tura mai bindiga sahun gaba wurin taron farar hula. Na biyu, a ƙidaya harsashin da aka ba kowane jami'i, kuma duk ran da ya salwanta a binciki dalilinsa a bainar jama'a. Na uku, a riƙa zama da masu unguwanni, da limamai, da fastoci, da shugabannin 'yan kasuwa na unguwannin biyu tun kafin jita-jita ta zama gobara.

Hayaƙin barkono yana washewa, shinge ana ɗauke shi, kasuwa kuma ta sake ci. Amma gawar da aka ɗauka a bakin titi takan bar gaba a zukatan dangi har jikoki, kuma wannan gaba ita ce makamashin tarzoma ta gaba.