Sharhi: Idon tsohuwar na'urar DVD ya mutu, ina makomar hotunan bukukuwanmu?

A shagunan masu gyaran rediyo da talabijin na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, ba a rasa tsofaffin na'urorin naɗar DVD jibge suna shan ƙura. Akasarinsu cuta ɗaya ce ta kwantar da su: sashen da ke juya faifai ya daina karatu. Ƙaramin lamari ne a ido, amma a cikin waɗannan na'urori da faya-fayansu ne iyalai da masu ɗaukar bidiyo suka adana bukukuwan aure da suna, wa'azin malamai da gasar kokowar gargajiya na shekarun 2000.

Ba kowace matsala ce ke bukatar sabon sashe ba. Ƙurar hunturu kan rufe gilashin da masu gyara ke kira ido, sai a goge shi da alkol. Idan farantin faifai ya ƙi fitowa, sau da yawa ɗan bel na roba ne ya saki. Amma hasken leza yana raunana da daɗewa, musamman a na'urar da ta sha naɗi cikin zafi, kuma idan ya kai nan sai canji.

A nan ne wahalar take. Ko da sashen ya yi kama da na kwamfuta, kamfanoni da dama sun ɗaure shi da manhaja da wayoyi irin nasu, ta yadda na'urar ba ta karɓar baƙo. Hanya mafi tabbas ita ce a samo wata matacciya mai lamba iri ɗaya a ciro nata.

Kayan kuwa ƙarewa suke yi. Kamfanin Funai na Japan ya daina ƙera na'urar kaset ɗin bidiyo a Yulin 2016. Panasonic ya dakatar da yin faya-fayan Blu-ray na naɗi a 2023, Sony ya bi sahu a Fabrairun 2025. Alamar a fili take: masana'antar faifai tana naɗe tabarmarta.

A Turai ana ta maganar ƴancin gyara. Faransa ta fara liƙa makin sauƙin gyara a kan wasu kayan lantarki tun Janairun 2021, Tarayyar Turai kuma ta amince da dokarta a 2024. Sai dai dokar ta shafi kaya irin su injin wanki, firji da wayar salula, ba za ta tayar da na'urar da aka daina ƙerawa shekaru da dama ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an tara tan miliyan 62 na sharar lantarki a 2022, kashi 22 cikin ɗari kawai aka sarrafa bisa ƙa'ida, a Afirka kuwa bai kai kashi 1 ba. Duk na'urar da mai gyara ya ceto, an rage wannan juji.

To amma kada gyara ya zama ruɗi. Manufarsa a yau ita ce a kwashe abin da ke ciki. Faifan da ba a kammala rufe shi ba bayan naɗi galibi ba ya tashi a wata na'ura, don haka da zarar an gyara a fara da wannan. Rumbun ajiyar da ke ciki kuma tsarinsa daban ne; idan aka jona shi da kwamfuta ta nemi a yi masa format, a ƙi, domin amincewa na iya shafe komai. Faifai guda yana ɗaukar giga 4.7, ke nan kile USB mai giga 64 zai haɗiye fiye da goma. A ajiye kwafi biyu a wurare daban.

Ƴan uwa mazauna ƙetare na iya taimakawa, domin ana samun irin waɗannan na'urori a kasuwannin kayan hannu na Turai. A nemi hoton lambar da ke bayan na'urar kafin a saya, a kuma tuna cewa kayan Amurka na aiki da bolt 120, namu kuwa 220.

Muryar kaka da ta riga mu gidan gaskiya ba ta da kayan gyara a kasuwa. Wanda ke da faifan aurensa a akwati, gara ya fito da shi tun masu gyara na da abin ciro wa.