Wutsiyar Sauti: Mu Za Mu Yanke Ko Manhaja?

Maƙalar wannan makon ta ɗan kauce daga alƙalami ta leƙa situdiyo, domin da yawanmu a zauren nan muna rubuta baitocin da ake rerawa, kuma muna jin yadda kiɗa ke haɗiye su.

Idan aka kunna wasu sabbin waƙoƙinmu a babbar sifika, a gidan biki ko cikin adaidaita sahu, sai ka ji ƙasan kiɗan ya cakuɗe kamar kunun da ya yi gudaji. Mutane kan ɗora laifin a kan sifika ko muryar mawaƙi. Mu a ganinmu, sau da yawa matsalar ƙarama ce: mai haɗa kiɗan bai yanke shawarar tsawon lokacin da kowane sauti zai yi yana ƙara ba, ya bar wa manhaja.

Samfur shi ne guntun sautin da aka naɗa aka ajiye, kamar bugun ganga ɗaya ko tafi, wanda ake jerawa a gina kiɗa. A FL Studio, manhajar kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam da matasanmu suka fi sabawa da ita, idan ka ɗora samfur ka buga shi, zai yi ta ƙara har ƙarshensa. Ko ka gajarta zanen bugun a allon fiyano, ba ruwansa. Sai ka kunna abin da suke kira ambulan ɗin sauti (sunan kenan, ba wasiƙa a ciki), wato saitin da ke tsara yadda sauti zai tashi, ya tsaya, ya sauka, ya mutu, sannan zai fara bin tsawon da ka zana masa.

Mu yi lissafi. Kiɗan da ke tafiya da bugu 120 a minti, kowane bugu rabin daƙiƙa ne. Ɗauki bes ɗin nan mai gurnani da ake kira 808, wanda ya samo suna daga na'urar Roland TR-808 ta 1980. Idan samfur ɗinsa daƙiƙa biyu ne kuma kana buga shi a kowane bugu, to kafin na farko ya mutu uku sun hau kansa. Sautuka masu kauri huɗu a wuri guda, wani na ƙara wa wani ƙarfi, wani na kashe wani. Mawaƙi kuma a samansu yake neman hanyar wucewa. Maganin bai kai minti ɗaya ba: akwai umarnin da ke sa sauti ya yanke kansa da zarar sabon bugunsa ya shigo. Sai a bar masa 'yar gajeriyar sauka, don yankan gatari yana barin wata ƙara “ƙyas” a kunne.

To amma ga inda muke da ja da masu koyo daga bidiyoyin YouTube. Sun ji an ce a yanke, sai suka ɗauki almakashi suka bi kowane sauti da shi, har kalangu.

Kalangu ba ya gama maganarsa a lokacin da sanda ta sauka a fata. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammata ko ya sassauta, sautin ya hau ko ya gangaro bayan bugun. Hausa harshe ne mai karin sauti, sama da ƙasa da faɗuwa, kuma da wannan lanƙwasar kalangu ke kwaikwayon baki har ya kira mutum da takensa. Duk wanda ya saurari kalangun da ke bayan Mamman Shata ya san amsa-amo ake yi tsakanin waƙa da kiɗa. Idan ka datse wutsiyar bugun, abin da ya rage “tak” ne kawai, wanda ko bokiti ka buga za ka samu. Haka amon gurmi yake, haka jan goge.

Akwai wani tarkon kuma. Idan ka ɗauki bugun kalangu ɗaya ka riƙa hawa da shi a fiyano don ya yi karin waƙa, manhaja a saitinta na asali gudu take ƙara masa. Hawa mataki 12 na ninka gudun, tsawon ya koma rabi. Lanƙwasar da makaɗi ya yi a natse sai ta zama ƙyaftawar ido. Gara a naɗo bugu daban-daban daga hannun makaɗin, a biya shi haƙƙinsa.

Wani zai ce ai guntule samfur salo ne. Gaskiya ne. Na'urar SP-1200 ta kamfanin E-mu da ta fito a 1987 daƙiƙa 10 kacal take iya riƙewa, kuma da ita masu hip-hop na Niyok suka gina salon gutsure-gutsure. Sai dai su sun san abin da suke yankewa, don kowace daƙiƙa tsada gare ta. Mu yau kwamfutar hannu za ta riƙe sa'o'i, babu abin da ya tilasta mana datse kalangu.

Shawararmu ga marubutan da ke kai baiti situdiyo: kada ku karɓi waƙa a kan jin wayar hannu kawai, don ƙaramar sifikarta ba ta fitar da bes, ba za ku ji cakuɗewar ba. Ku nemi a kunna muku a babbar sifika, a kashe murya, a bar bes da kalangu su kaɗai. Idan bes na hawa kan ɗan uwansa, ku ce a yanke. Idan kalangu ya zama “tak-tak”, ku ce a dawo masa da wutsiyarsa. Masu haɗa kiɗa da ke zauren nan, muna jiran martaninku a ƙasa.