Nemo Aya Daban, Fahimtar Nassi Daban

'Yan'uwa, matasanmu sun fara loda wa na'urori irin su ChatGPT dogayen littattafai suna neman bayani, har wajen shirya nazarin Littafi Mai Tsarki. Ya kamata mu san yadda masana suka auna su.

A 2023 Greg Kamradt ya ɓoye jimla guda cikin tulin rubutu, ya sa na'ura ta tono ta. A shekarar kuma masu bincike na Jami'ar Stanford suka gano cewa na'ura ta fi riƙe farkon rubutu da ƙarshensa, tsakiya takan kuɓuce mata. A 2024 gwajin RULER na kamfanin Nvidia ya buƙaci ta bi bayani daga wannan shafi zuwa wancan. Da rubutu ya yi tsawo, yawancinsu suka raunana.

An inganta su tun lokacin, amma darasin yana nan. Nemo aya abu ne mai sauƙi; haɗa annabcin Ishaya da Bisharar Luka aikin fahimta ne. Mutanen Biriya sun bincika Nassi kowace rana domin su tabbatar da koyarwar Bulus. In an binciki manzo, balle na'ura? Mu buɗe littafin da kanmu kafin amsarta ta hau mumbari.