Sabon Jadawali Ya Fito, Ina Rabon Gwaska?



Bayan kowane wata uku gidajen rediyo da talabijin na gwamnati sukan yi shelar sababbin shirye-shiryen da za su kawo mana, kuma a 'yan shekarun nan an ƙaro wani baƙo mai suna fodkas, watau shirin magana da ake ɗorawa a intanet, mutum ya saurara a wayarsa sa'ad da ya ga dama. Ni dai ina maraba da ci gaba. Amma duk lokacin da na ji irin wannan shela a ɗakin kwananmu na jami'a, sai zuciyata ta koma Gwaska, ƙauyenmu da ke ƙasar Birnin Gwari, in tambayi kaina, shin a cikin shirye-shiryen nan masu zuwa wanne aka tsara domin mutanenmu, wanne ne kuma zai kai kunnensu?

Bari mu tuna asali. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ta kafa gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna. Daga baya talabijin ta koma hannun NTA a 1977, rediyo kuma ya shiga ƙarƙashin Rediyon Tarayya a 1978. Wannan gida shi ya haɗa birni da ƙauye a tabarma ɗaya. Kakana yakan ba mu labarin yadda magidanta ke kewaye akwatin rediyo ɗaya tak a dandali, su sha dariyar Samanja na marigayi Usman Baba Pategi, su saurari manya na amsa tambayoyi a Hannu Da Yawa, sa'an nan su kasa kunne ga Zaɓi Sonka ko za a ambaci sunan wani nasu. A wancan zamani baƙauye ya san yana da kaso a cikin akwatin.

Ni kuwa ga yadda na tarar. Ranar farko da na ji an faɗi sunan Gwaska a rediyo ina ɗan makarantar sakandare, bayan harin ranar Asabar 5 ga Mayu, 2018, wanda 'yan bindiga suka kashe mutum fiye da 40. An yi kwanaki ana ambatonmu, daga nan sai shiru. Haka abin yake ga yawancin ƙauyukan da ke kewaye da dajin Kamuku: ana tunawa da su ranar ƙidayar gawa, a manta da su ranar shuka da ranar girbi. Alhali kuwa ƙasar nan tamu tana ciyar da birane da masara da dawa da waken suya, kuma dajin da ake tsoronsa a yau shi ne Gwamnatin Tarayya ta mayar gandun namun daji na ƙasa a 1999.

To, mu duba batun isar shiri ga mai shi. Talabijin tana bukatar wutar lantarki. Fodkas yana bukatar babbar waya, da kuɗin data, da sabis mai ƙarfi. Mu mun san raunin wannan igiya, domin daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta sa an katse layukan waya a Birnin Gwari da wasu ƙananan hukumomi saboda tsaro. A watannin nan biyu ƙaramar rediyo mai batir ce kaɗai ta ci gaba da shiga gidajenmu. Saboda haka duk gidan gwamnatin da ya kwashe kyawawan shirye-shiryensa ya kai intanet kawai, ya ware talakan da ya fi kowa dogara da shi, kuma da dukiyar jama'a aka yi shirin.

Na san za a ce kuɗi sun yi ƙaranci, kuma ba a tura ɗan jarida hanyar da ba a da tabbacin dawowarsa. Wannan hanzari ne mai ƙarfi, ba na raina shi. Sai dai a watan Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je da kansa ya sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari bayan shekaru tana rufe. Inda motar shanu ta shiga ta fito, ai na'urar ɗaukar magana ma za ta iya.

Shawarata ga masu tsara jadawali ba ta da tsada. Duk fodkas ɗin da aka shirya, a maimaita shi a rediyo bayan sallar lisha, lokacin da manomi ya huta. A ware ko da minti 30 a mako ga shirin da za a ɗauka a ƙasar Birnin Gwari ranar kasuwa, manomi da makiyayi da matar da ta yi gudun hijira su faɗi farashin taki, da gonar da aka koma nomawa, da wadda har yanzu ba a iya zuwa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A kuma ƙanƙanta shirin yadda masu cajin waya za su tura wa mutane a memori, kamar yadda suke tura waƙoƙi da wa'azi.

Mu ɗalibai ma da namu laifin. Muna riƙe da wayoyin da suka fi na'urorin 1962 nesa ba kusa ba, amma sai mu ƙare hutu ba mu ɗauki muryar dattijo ko ɗaya ba. Ina roƙon ƙungiyarmu ta ɗalibai ta tattara irin waɗannan muryoyi a hutu mai zuwa, ta miƙa wa gidajen watsa labarai. Ku kuma 'yan'uwa ma'aikata, wataƙila wata rana takardar jadawali za ta biyo ta teburinku. Kafin ku sa hannu, ku duba ko akwai sunan ƙauye a ciki.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda muka rasa, amin.