Galahanga: Ina iyakar amfanin maganin taɓin hankali?

Mazauna Kamazou da sauran unguwannin da ke kudancin kogin Kaduna, irin su Narayi da Sabon Tasha, na da wata dama da yawancin mutanen arewacin Najeriya ba su da ita, wato kusanci da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa.

Sai dai ga iyayen yaran da ke da lalurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, isa asibiti ba shi ne ƙarshen matsala ba. Idan yaro ya shiga dukan mutane, ko buga kansa da bango, ko cizon hannunsa, abin da ya fi saurin samuwa shi ne ƙwayar magani, kuma galibi irin wadda ake bai wa masu taɓin hankali ce.

Abin da maganin ke yi

A shekarar 2006 ne hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a bai wa yara masu galahanga maganin Risperidone, sannan a 2009 ta amince da Aripiprazole. An ba da izinin ne domin rage tsananin fushi, da faɗa, da kuma raunata kai.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, wanda ya shafi yara 101, ya nuna cewa kashi 69 cikin ɗari na waɗanda suka sha Risperidone sun samu sauƙi cikin mako takwas, yayin da kashi 12 ne kacal suka samu sauƙi a cikin waɗanda aka bai wa ƙwayar da ba magani a cikinta.

To amma maganin ba ya warkar da galahanga, kuma ba ya koya wa yaro magana ko cuɗanya da jama'a.

Haka kuma yana da illa. A wancan binciken, nauyin yaran da suka sha shi ya ƙaru da kimanin kilo 2.7. Yakan jawo yawan barci da karkarwar jiki, yakan ƙara haɗarin ciwon sukari, a wasu lokutan ma yakan sa nono ya fito wa yaro namiji.

Inda gizo ke saƙa

A Ingila, ƙa'idar da aka fitar a 2013 ta ce kada a ba da irin wannan magani sai an gwada horar da yaro da iyayensa abin ya faskara, ko kuma halin ya tsananta. Ta ce a fara da kaɗan, a sake duba yaron bayan mako uku zuwa huɗu, a kuma dakatar idan an kai mako shida ba a ga canji ba.

Cika waɗannan sharuɗɗa na da wuya a Najeriya, inda likitocin ƙwaƙwalwa 'yan ɗaruruwa ne kawai ke kula da mutane fiye da miliyan 200, masu koyar da magana da gyaran ɗabi'a kuwa sun yi ƙaranci, kuɗin aikinsu ma ya fi ƙarfin talaka.

Saboda haka akwai fargabar maganin da ya kamata ya zama matakin ƙarshe ya koma na farko, iyaye su riƙa sabunta shi a kemis ba tare da an auna nauyin yaro ko sukarin jininsa ba.

Alhali kuwa yaron da ba ya iya magana, mai yiwuwa ciwon haƙori ko na kunne, ko taurin bayan gida, ko ƙarar janareta ne ke tayar masa da hankali. Idan aka kwantar da shi da ƙwaya, ciwon na nan daram.

Doka da aiki

A watan Janairun 2023 ne shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma jaddada haƙƙin majinyata.

Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya na da wani tsari na horar da iyaye dabarun fahimtar irin waɗannan yara, wanda ma'aikatan da ba ƙwararru ba za su iya koyarwa.

Abin jira a gani shi ne ko hukumomin lafiya na jihar Kaduna za su kai irin wannan horo ƙananan asibitocin unguwanni, ta yadda iyaye za su samu zaɓin da ya wuce ƙwaya.