Martani: Teɓa Ba Ita Kaɗai Ke Ɗaga CRP Ba

Malam, ka rubuta cewa duk mai ƙiba a unguwar Damilu ta Jimeta da awon CRP (ma'aunin kumburi a jini) ɗinsa ya hau, teɓa ce sanadi. Ban yarda ba. Gaskiya ne kitsen ciki na fitar da sinadarin IL-6, wanda ke sa hanta ta ƙera CRP. Amma alƙaluman da ka dogara da su na Amurka ne, ƙasar da maleriya ba ta addaba. A Jimeta, bakin kogin Binuwai, zazzaɓin damina kaɗai kan ninka CRP sau goma ko fiye. Lissafin da bai ware maleriya da tarin fuka ba, zai ɗora wa teɓa laifin waɗannan cututtuka, a sallami majinyaci da shawarar rage tuwo alhali maganin zazzaɓi yake bukata.